Wa ya yanke hukuncin? Nazarin takaddamar wani kamfanin haƙar tsakuwa da ministan gidaje a Ingila

Wannan nazari ya bi sawun wani kamfani mai haƙar yashi da tsakuwa a gundumar Surrey, kudu maso yammacin Landan, wanda ya nemi izinin haƙa a wani ɓangare na wata gona a ƙarshen shekarun 1960. An hana shi a matakin farko, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga minista aka sake hana shi, daga nan ya nufi Babbar Kotu, wadda ta yanke hukunci a 1970. Tambayar da ta ratsa shari'ar ita ce ko wanda doka ta danƙa wa ikon bayar da izini yana da damar barin wani dabam ya zama mai magana ta ƙarshe.

Asalin matsalar: 1946 zuwa 1962

Tun daga ranar 1 ga Yuli 1948, lokacin da Dokar Tsara Birane da Karkara ta 1947 ta fara aiki, mallakar fili a Ingila ba ta ba mai shi damar yin duk abin da ya ga dama da shi. Gini, da sauya amfanin fili, da haƙar ma'adinai, duk sai da izinin hukumar tsara gari ta yankin, kuma yashi da tsakuwa suna cikin abin da dokar ta ɗauka a matsayin ma'adinai. Wanda aka hana izini yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara zuwa ga minista. A 1962 aka tattara waɗannan tanade-tanade cikin doka guda, kuma a ƙarƙashinta wanda ke yanke hukunci kan irin wannan ƙara shi ne Ministan Gidaje da Ƙananan Hukumomi. Dokar ta umarci mai yanke hukunci ya dubi taswirar raya yankin, ya kuma dubi duk wani abin lura da ya shafi batun. Ba ta ba Ministan Aikin Gona wani iko a kan waɗannan ƙararraki ba.

Bayan yaƙin duniya na biyu, bukatu biyu sun yi karo a kan ƙasa ɗaya. Ana sake gina biranen da bama-bamai suka rusa, aikin kankare kuwa ba ya yiwuwa sai da yashi da tsakuwa. A lokaci guda ƙasar tana fama da ƙarancin abinci, domin rabon abinci da kati bai ƙare ba sai a 1954. A kwarin kogin Thames, ƙasar da tsakuwa ke kwance a ƙarƙashinta sau da yawa ita ce ƙasar noma mafi kyau. Saboda haka gwamnati ta kafa kwamitin ba da shawara kan yashi da tsakuwa a 1946, wanda aka fi sani da kwamitin Waters, da sunan shugabansa. Daga cikin shawarwarinsa akwai ware wasu filaye masu albarkar noma a kiyaye su daga haƙa. Gonar da kamfanin ya sa ido a kanta tana cikin ɗaya daga waɗannan keɓaɓɓun filaye.

Keɓewar nan manufar gwamnati ce da ta samo asali daga rahoton kwamiti. Majalisar dokoki ba ta zartar da ita a matsayin doka ba, ba ta kuma haramta haƙa a filayen ba. Wanda ke da fili a cikinsu yana da haƙƙin neman izini da ɗaukaka ƙara kamar kowa.

Neman izini da ƙin farko

Kamfanin ya shigar da takardar neman izini gaban hukumar tsara gari ta yankin. Hukumar ta tuntuɓi Ma'aikatar Aikin Gona, ma'aikatar ta nuna rashin amincewarta bisa dalilin kare ƙasar noma, hukumar kuma ta ƙi bayar da izini. A wannan mataki kamfanin bai je kotu ba. Ya bi hanyar da dokar ta shimfiɗa, ya ɗaukaka ƙara zuwa ga Ministan Gidaje.

Zaman binciken sufeto

A tsarin wancan lokaci, minista kan naɗa sufeto ya gudanar da zaman bincike a bainar jama'a, ya saurari mai ƙara da hukuma da duk wanda abin ya shafa, ya ziyarci filin, sannan ya rubuta rahoto. Hukuncin kuwa na minista ne. Wannan tsari ya samu gyara mai muhimmanci bayan rahoton kwamitin Franks na 1957, wanda ya nemi a riƙa gudanar da irin waɗannan bincike a fili, cikin adalci, ba tare da son kai ba. Daga nan aka fara bayyana rahoton sufeto ga ɓangarorin da abin ya shafa, aka kuma wajabta wa minista ya faɗi dalilan hukuncinsa a rubuce. Kafin wannan gyara, mai ƙara yana iya samun amsar "a'a" ba tare da ya san abin da sufeto ya rubuta ba.

Dabarar kamfanin a wannan zama ita ce ya yi nasara a kan cancantar aikin kansa, wato ya nuna cewa haƙar ba za ta jawo ɓarnar da ta isa a hana ta ba. A iya abin da zaman bincike ke iya tabbatarwa, ya cim ma burinsa, domin sufeton bai samu wani dalilin ƙin izini ba in ban da rashin amincewar Ma'aikatar Aikin Gona. Sai dai akwai wata iyaka da ƙa'idojin zaman suka gindaya. Ba a tilasta wa wakilin wata ma'aikatar gwamnati amsa tambayar da ke ƙalubalantar ingancin manufar gwamnati. Mai ƙara yana iya kawo shaidu kan filinsa, amma ba shi da dandalin da zai tsayar da ma'aikatar gona ya nemi ta sauya matsayinta, kuma babu wata hanyar ɗaukaka ƙara a kan ƙin amincewarta, tun da a idon doka ra'ayi kawai take bayarwa.

Wasiƙar minista

Ministan Gidaje ya kori ƙarar. Wasiƙar hukuncin ta bayyana cewa manufarsa a halin yanzu ita ce ba za a saki ƙasar da ke cikin keɓaɓɓun filaye domin haƙar ma'adinai ba sai idan Ministan Aikin Gona, Kamun Kifi da Abinci bai yi adawa da haƙar ba. Ta ci gaba da cewa a wannan batu ba a janye adawar ba, saboda haka ministan ya yanke shawarar ƙin bayar da izini.

A nan dabarar farko ta ƙare. Kamfanin ya kawo shaidu, sufeto bai samu aibi a cikinsu ba, amma hukuncin bai dogara a kansu ba ko kaɗan. Hanya ɗaya ta rage, wato sashe na 179 na dokar 1962, wanda ya ba wanda hukuncin minista ya cutar damar zuwa Babbar Kotu cikin makonni shida. Ƙofa ce ƙunƙuntacciya. Kotu ba ta sake auna cancantar aikin, ba ta kuma tambayar ko tsakuwa ta fi noma amfani a wurin. Abin da take dubawa shi ne ko hukuncin ya fita daga hurumin da doka ta bayar, ko an saɓa wata ƙa'ida ta yadda aka cutar da mai ƙara. Dole kamfanin ya ajiye hujjar da ya kashe ƙarfinsa a kanta ya nemi wata.

A gaban Babbar Kotu: 1970

Sabuwar hujjar ta fito daga kalmomin wasiƙar kanta. Kamfanin ya ce ministan ya ɗaure hannun kansa da wata manufa, kuma ta hanyar wannan manufar ya miƙa ainihin hukuncin ga wani minista wanda dokar ba ta ba shi wannan aiki ba.

Domin a gane wahalar wannan hujja, sai an dubi ƙa'idoji biyu da kotunan Ingila suka riga suka kafa, waɗanda a kallon farko suke kamar suna cin karo. Ta farko ita ce wanda doka ta damƙa wa ikon yanke shawara ba ya miƙa shi ga wani sai dokar ta yarda. A shari'ar Allingham ta 1948, ministan gona ya wakilta wa kwamitin noma na gundumar Bedfordshire ikon umartar manoma abin da za su shuka, kamar yadda ƙa'idojin lokacin yaƙi suka ba shi dama. Kwamitin ya yanke cewa wani manomi ya shuka eka takwas na amfanin gonar da ake yin sukari da shi, amma ya bar wa jami'insa zaɓen gonar da za a shuka. Kotu ta ce umarnin ba shi da inganci, domin kwamitin aka ba ikon, ba jami'insa ba. Ƙa'ida ta biyu ta fito daga shari'ar Carltona ta 1943, inda Kotun Ɗaukaka Ƙara ta amince cewa ma'aikacin gwamnati yana iya aiwatar da ikon minista da sunan ministan. Dalilin da alƙali Lord Greene ya bayar shi ne ayyukan minista sun fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ministan ne zai amsa tambaya a majalisa kan duk abin da ma'aikatansa suka yi. A ƙarƙashin wannan ƙa'ida ba a ma ɗaukar abin a matsayin wakilta iko, domin hannun ma'aikacin hannun minista ne.

Ke nan ba laifi ba ne idan wani babban jami'i a ma'aikatar gidaje ne ya sa hannu a wasiƙar, kuma kamfanin bai kafa hujjarsa a kan haka ba. Ministan Aikin Gona kuwa ba ma'aikacin Ministan Gidaje ba ne. Yana da nasa ma'aikata, da nasa nauyi, da manufa guda da aka ɗora masa, wato kare noma da wadatar abinci. Abin da ya rage a warware shi ne ko kasancewar su biyun 'yan gwamnati ɗaya ya isa ya halatta wa ɗaya ya jingina hukuncinsa kacokan a kan ɗayan.

Ɓangaren minista yana da abin faɗa mai nauyi. Minista yana da 'yancin kafa manufa, kuma kotu ba ta da hurumin gaya masa wace manufa ce ta dace. Yana da 'yancin neman ra'ayin wata ma'aikata, musamman wadda ta fi shi sanin darajar ƙasar noma. Kare gonaki abin lura ne na halal a harkar tsara ƙasa. Mai shari'a Willis, wanda ya saurari ƙarar, bai musanta ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ya ma yarda cewa adawar ministan gona tana iya zama abin da zai rinjayi hukunci, idan Ministan Gidaje ya ɗora ta a ma'auni tare da sauran abubuwan lura ya ga ta fi su nauyi.

Inda ya rabu da ministan shi ne a kan siffar manufar. Kamar yadda wasiƙar ta tsara ta, manufar ta share duk wani abin lura ta bar guda ɗaya tak, wato ko ministan gona ya yi adawa ko bai yi ba. Ko da komai yana nuna dacewar bayar da izini, amsar ba za ta sauya ba muddin ba a janye adawar ba. Alƙalin ya tsaya a kan cewa dole zuciyar minista ta kasance a buɗe ga mai son ya gamsar da shi cewa filinsa ya cancanci a fitar da shi daga keɓewa, sannan ya nuna cewa hakan ba zai yiwu ba idan mabuɗin yana hannun wani. Ya kammala da cewa ba Ministan Gidaje ne ya yanke hukuncin da majalisa ta ɗora masa alhakinsa ba. Shawarar ministan gona ta ƙin janye adawarsa ita ce ta yanke batun, alhali matsayinsa a ƙarƙashin dokar bai wuce na wanda ake tuntuɓa ba. Kotu ta soke hukuncin.

Abin da kamfanin ya samu

Soke hukunci a ƙarƙashin sashe na 179 ba ya nufin bayar da izini. Kotu ba ta da ikon cewa a fara haƙa. Sakamakon shi ne ƙarar ta koma kamar ba a yanke ta ba, kuma wajibi ne ministan ya sake duba ta, ya auna rahoton sufeto da adawar ma'aikatar gona da bukatar tsakuwa da sauran abubuwan da suka shafi batun, ya kai ga matsaya da kansa. Doka ba ta hana shi sake ƙin izinin ba idan bayan wannan awo ya ga kare gonar ya fi. Abin da kamfanin ya ƙwato shi ne haƙƙin a saurare shi a wurin wanda ke da ikon ce masa "to".

Yadda iyakar ta ƙara fitowa: 1970 zuwa 1986

A shekarar 1970 ɗin aka yanke wasu shari'o'i biyu da suka nuna inda layin ya tsaya. A shari'ar Stringer, majalisar gundumar Cheshire ta ƙulla yarjejeniya da Jami'ar Manchester cewa za ta riƙa dakushe gine-gine a kewayen na'urar hangen sararin samaniya ta Jodrell Bank har tsawon shekara 40. Kotu ta ce yarjejeniyar ta fita daga hurumin majalisar, domin ta ɗaure kanta tun kafin ta ga takardun masu neman izini. Amma ta bar hukuncin minista na ƙin izinin gina gidaje 23 a yankin, saboda ko da yake yana da manufar kare na'urar, ya saurari ƙarar ya auna ta da kansa. A shari'ar British Oxygen kuma, Majalisar Dattawa, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta amince da manufar gwamnati ta ƙin bai wa kamfanoni tallafi kan kayan da farashinsu bai kai fam 25 ba, bisa sharaɗin cewa hukuma ba za ta toshe kunnenta ga mai sabuwar magana ba.

A matakin ƙananan hukumomi, sashe na 101 na Dokar Ƙananan Hukumomi ta 1972 ya lissafa waɗanda majalisa za ta iya danƙa wa aikinta: kwamiti, ko ƙaramin kwamiti, ko jami'inta, ko wata ƙaramar hukuma. Kansila guda ba ya cikin jerin. Da ƙaramar hukumar Hillingdon da ke Landan ta bar shugaban kwamitin tsara gari ya amince shi kaɗai da fitar da sanarwar tilasta bin doka a lokacin gaggawa, kotuna sun yanke cewa mutum ɗaya ba ya zama kwamiti, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da haka a 1986. Hanyar da ta samu karɓuwa ita ce a ba jami'i ikon, ya tuntuɓi shugaban kwamiti, amma hukuncin ya kasance nasa da gaske.

Nazari

Dabarar farko ta gaza ne domin kamfanin yana gabatar da hujja ga wanda ya riga ya ajiye ma'auninsa. Babu yawan shaidar da za ta yi tasiri a wurin sufeto ko ma'aikatar gidaje, tun da sharaɗin da aka gindaya ba shi da alaƙa da shaida. Dabara ta biyu ta yi nasara saboda abubuwa biyu da suka haɗu. Rahoton sufeto ya kawar da sauran dalilan ƙin izini, wasiƙar minista kuma ta faɗi dalilin da ya rage ƙarara, da kalmar "saboda haka" da ta ɗaura hukuncin a kan adawar wani. Aikin da aka yi a zaman bincike bai tafi a banza ba, domin shi ne ya sa wasiƙar ta tsaya tsirara a gaban kotu. Kuma da ba a yi gyaran da ya biyo bayan rahoton Franks ba, da kamfanin ba shi da takardar da zai nuna wa alƙali.

A ganina hukuncin Mai shari'a Willis daidai ne, kuma dalilin ya wuce batun bin tsari. Lokacin da majalisa ta zaɓi Ministan Gidaje, ta zaɓi wanda aikinsa shi ne haɗa bukatu masu karo da juna, gidaje da hanyoyi da masana'antu da noma, ya fitar da matsaya guda. Ministan gona an naɗa shi ne ya kare ɓangare ɗaya, kuma ba aibi ba ne idan ya kare shi da ƙarfi. Aibin yana zuwa ne idan aka mayar da mai kare ɓangare ɗaya alƙalin duka. Ga kuma batun mai ƙara: an kira shi zaman bincike, ya kashe kuɗi ya kawo shaidu, alhali wanda maganarsa za ta yanke batun ba ya cikin waɗanda za a iya yi wa tambaya ko a kai ƙararsu. Ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa, kuma zaman sauraro irin wannan suna kawai ya rage masa.

Akwai suka mai ƙarfi da ya kamata a fuskanta. Ana iya cewa hukuncin ya hukunta ma'aikatar ne kan faɗin gaskiya, domin da jami'in da ya rubuta wasiƙar ya ce an auna komai kuma adawar gona ta rinjaya, da sakamakon ɗaya ne kuma da wuya kotu ta taɓa shi. Wannan gaskiya ne, ban kuma ga hanyar kawar da shi gaba ɗaya ba, tun da kotu tana karanta takarda ne, ba zuciyar minista ba. Duk da haka ban yarda cewa bambancin na kalmomi ne kawai ba. Ma'aikatar da ta san dole ta rubuta yadda ta auna rahoton sufeto, wanda mai ƙara ke riƙe da kwafinsa, tilas ta karanta rahoton ta kuma samo amsa ga abin da ya ƙunsa. Idan sufeto ya ce babu wani cikas in ban da adawa ɗaya, sai ta bayyana me ya sa wannan adawar ta fi nauyi a wannan fili musamman, kuma bayanin da ba shi da tushe ana iya ƙalubalantarsa.

Idan gwamnati tana ganin wata hukuma ta cancanci ikon hana izini kai tsaye, hanyar a buɗe take, amma ta majalisa ce. Misali, tun daga 2000 doka ta ba Magajin Garin Landan ikon umartar ƙananan hukumomin birnin su ƙi izini ga wasu manyan ayyuka da suka shafi tsarin birnin baki ɗaya. A wannan tsari sunan mai ikon yana rubuce a doka, an fayyace irin ayyukan da ikon ya shafa, wajibi ne ya faɗi dalilansa, kuma mai neman izini yana da haƙƙin ɗaukaka ƙara, inda ofishin magajin garin zai zo ya kare umarnin da ya bayar. Ko ɗaya daga cikin waɗannan bai kasance a tsakanin kamfanin tsakuwar da Ministan Aikin Gona ba a ƙarƙashin dokar 1962.